Rubutun da Aka Yi Mini a Tafin Hannu

Sana'iyya, Doha,
Juma'a bayan an sauko.

Ɗana Mansur,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka da kyau, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da innarka da ƙannenka da duk mai kwana a ƙarƙashin rufin gidan nan. Allah Ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, Ya tsare ka a ƙasa, Ya tsare ka a sama, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Ni lafiyata ƙalau, kada innarka ta ɗaga hankalinta don ta ga takarda mai kauri. Ba ciwo ba ne, magana ce ta taru.

Maganar da muka yi a waya ita ta hana ni sakat. Katin wayar ya ƙare kafin in ba ka amsa, kuma gara da ya ƙare, don da na amsa a lokacin, faɗa zan yi maka har 'yan ɗakinmu su taru. Ka san halina. Shi ya sa na ce bari in huce, in zauna in rubuta, tunda takarda ba ta katse mutum ana tsakiyar zance.

Bari in maimaita yadda abin yake, don kada mu yi ta magana biyu. Mista Lam, mutumin Hong Kong ɗin nan da ke riƙe da siton kamfanin da nake tuƙa wa mota, ya amince ya ɗauke ka tafinta, har bizarka ta fito. Aikin kuwa ba na baki kaɗai ba ne. Kaya na zuwa daga ƙasarsu, kwalaye da buhuna da durom-durom, kowanne da rubutunsu a jiki, kuma tafinta ne zai duba ya gaya wa leburori wannan mene ne, ina za a ajiye shi, wanne ne ba ya son rana, wanne ne ba a taɓa shi da hannu. Da na kai masa maganarka ya tambaye ni yaya Sinancinka, na ce ka fi ni nesa ba kusa ba. Ban yi ƙarya ba. Amma da ya ji ka gama sakandare sai ya ɗauka har karatun nasu ka iya, ni kuma na ga ya ɗauka, na yi gum da bakina. Sai ga shi a waya kana ce mini: "Baba, don Allah kada ka gaya musu ba na karantawa. Bari in shigo tukuna. Ai kai ma haka ka yi ta lallaɓawa, kuma ba abin da ya faru."

Wai ba abin da ya faru. Ban ga laifinka ba, Mansur, tunda abin da nake aiko muku ke nan, hoto a gaban dogon bene, da kwalbar turare, da muna nan lafiya. To yau zan gaya maka abin da ya faru. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Zan faro daga Bompai ta Kano, don can na fara yi maka kuskure. Kana tuna Popo, tsohuwar nan, uwar maigidana mai masana'antar kwanuka? A bayan gidansu aka haife ka, a ɗakin direba, kuma kafin ka iya ce mini Baba da kyau ka iya neman ruwa da yaren Kanton, don wurinta da jikokinta kake wuni. Ni a mota na tsinci nawa yaren, ina tuƙi ina kasa kunne, shi ya sa har gobe nawa na 'yan kasuwa ne, rabi ciniki rabi zagi. Naka kuwa na cikin gida ne, mai laushi, wanda in suka ji sai sun waiwayo. Da ka ɗan tasa sai tsohuwar ta ɗauki wata ɗabi'a. Da la'asar za ta zaunar da kai a baranda, ta kawo ruwa a kwano da ɗan buroshi, ta zana harafi a kan siminti, kai ma ka zana. Kafin ku yi nisa na farkon ya bushe, sai ku sake daga fari. Ba ta taɓa nuna gajiya ba, kai ma kana so, har a ƙasar tsakar gida kake yi da tsinke.

Ni na hana. A majalisarmu ta direbobi aka fara tsokanata, wai ɗan Isiyaku ya zama Basine, nan gaba kaɗan sai ya nemi a sa masa kwaɗo a miya. Wani ya ce yaron da bai sauke izu ɗaya ba an ɗora shi a kan rubutun da ba a san abin da ake faɗa a ciki ba. Raina ya ɓaci, na dawo gida na ce daga yau an daina, lokacin makarantar allo ne. Ƙarya nake yi, makarantarku sai bayan magariba ake shiga. Innarka ta yi magana, na ce ta yi mini shiru. Popo ba ta yi gardama ba. Abin da kawai ta ce mini shi ne, yaren da muke yi na yankinsu ne kaɗai, in aka matsa gaba ba mai jin sa, amma rubutun duk inda ɗan ƙasarsu yake zai gane shi. Na yi dariya a raina, na ce yo ina ruwan ɗana da ƙasarku, shi da zai rayu a Kano ya tsufa a Kano? Ta zubar da ruwan kwanon a gindin fulawa, aka bar maganar.

Don haka rashin karatun nan naka ba kai ka jawo shi ba, ni ne, kada ka mayar da shi abin kunyar da za ka riƙa ɓoyewa. Kuma kada ka yarda dariyar majalisa ta zaɓa maka abin da za ka koya. Waɗanda suka yi mini dariyar nan, ranar da aka rufe masana'anta ba wanda ya tambaye ni me yara za su ci. Kowa ta kansa yake yi, kuma ban riƙe su a raina ba.

Da aka rufe, ka san famar da muka yi har Allah Ya kawo ejan ɗin da ya ce ana neman direba mai jin Sinanci a Doha, lokacin da gari ya rikice da gine-gine saboda babbar gasar wasannin da ƙasar za ta karɓi baƙuncinta. Na ce ga ni. Bai tambaye ni wane Sinanci ba, don shi bai san akwai wane da wane ba, ni kuma na manta da maganar tsohuwa tsaf. Ranar da aka kai ni wurin aiki na tarar da Sinawa tsaitsaye da hular kwano. Na gyara murya, na rusuna yadda ake yi a gidan maigidana, na zuba musu gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ko sun ci abinci. Suka bi ni da kallo. Ɗaya ya juya ya yi wa ɗan'uwansa magana, ni kuwa ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Wallahi gumin da ya keto mini ba na rana ba ne. Ashe 'yan arewacin ƙasarsu ne, Mandarin suke yi, abin ya zama kamar ka tare Babarbare da Fulatanci don kawai ka ga duk 'yan Arewa ne. Ba don Mista Lam ya leƙo daga sito ya ji yaren garinsu a bakin baƙar fata ya tsaya yana ƙyalƙyala dariya ba, da a makon nan kafil, wato wanda bizata ke hannunsa, ya mayar da ni filin jirgi.

To ka ji. Duk inda ka je neman aiki, a garin nan ko a wani, kada ka ce ka iya Sinanci ka tsaya nan. Ka ce ka iya yaren Kanton, da baki. Ka kuma tambaya a ƙarƙashin wa za ka yi aiki, ɗan wane yanki ne. Ba rashin kunya ba ne, matambayi ba ya ɓata. A nan masu yaren namu na Kanton 'yan kaɗan ne, yawancinsu suna ofis ko kicin. Waɗanda ke tsaye a rana suna ba da umarni kusan duk 'yan Mandarin ne.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, don a Bompai kowa a gidan yare ɗaya yake yi, ba ka taɓa ganin bukatarsa ba. Mutanen nan in biyu suka haɗu yare ya ƙi, ba sa damuwa. Ɗaya zai buɗe tafin hannunsa na hagu, ya sa ɗan yatsa ya zana harafin a kai, ba biro ba tawada, ɗayan ya bi yatsan da ido, ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. Haka Mista Lam ke yi da su in nasa Mandarin ɗin ya maƙale. A wurinsu, wanda ya iya magana yadda nake yi, ba sa ko kawowa a ransu cewa bai san harafi ba.

Foman ɗinmu sunansa Mista Jaw. Gajere ne, mai yawan shan taba, ba mugu ba ne ko kaɗan, sai dai kullum kamar ana korarsa. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, Larabcinsa kuwa yalla da khalas ne kawai, a yi sauri, an gama. Tunda ya ji ni ina zuba da Mista Lam sai ya mayar da ni bakinsa wajen leburori, 'yan Najeriya da 'yan Gana da sauransu. Ranar farko da ya yi mini magana ban gane ba, sai ya buɗe tafin hannu ya zana, ya ɗago ya dube ni. Leburori na tsaye a bayana, ga shi sun riga sun fara kirana Malam Tafinta, sunan kuma ya yi mini daɗi. Kafin in yi tunani kaina ya gyaɗu, bakina ya ce hai, hai, wato e, na gane. Alhali abin da na gani kawai yatsa ne yana yawo a kan fata.

Daga nan na shiga canke. In ya zana sai in dubi inda idonsa ya nufa, in dubi abin da ke gabanmu, in haɗa. Kuma sau da yawa ina dacewa, don aikin gini ba shi da wani asiri, kawo ne da kai da ɗaga da sauke. Dacewar nan ita ta cuce ni, ta sa na saki jiki, har ina cika baki a ɗaki cewa ai basira ta fi karatu. Wata rana na kwashi tayil mota guda na kai Ummu Salal, sai da na isa maigadi ya ce ba mai jiran tayil a nan. Ashe Wakra aka ce. Na juyo na ratsa gari kaf, na isa da yamma lis, na ɗora wa cunkoson hanya laifi. A ɗaki muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wannan ita ce lallaɓawar da kake faɗa.

Akwai wanda ban taɓa ambata muku sunansa ba, Alhassan. Ɗan zangon Kumasi ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, gadonsa na saman nawa a ɗakinmu. Tela ne a gida, lebura a nan. Burinsa ya koma ya sayi kekunan ɗinki ya buɗe shagon kansa, har sunan shagon ya riga ya raɗa. Ranar Juma'a irin ta yau, in mun sauko daga masallaci, sai ya baje a bakin ƙofa da allura da zare, kowa ya kawo wandonsa da ya yage. Yana ɗinki yana ba mu labarin Kumasi da Hausarsu ta zango, ina tsokanarsa cewa sun karya mana harshe, yana cewa mu Kanawa mun cika iyayi. Baba Isiyaku yake ce mini. In na makara a hanya, shi ke rufe mini abincina ya ajiye.

Wata safiya muna sauke bututun ƙarfe daga babbar mota. Yadda ake yi, a ɗaure su da bel mai faɗi, ƙugiya ta ɗaga, mutum biyu su riƙe gefe da gefe su daidaita har a dire. Mista Lam ba ya nan, ya tafi tashar jiragen ruwa. Sai ga Mista Jaw a gurguje, waya na ta ƙara a aljihunsa, ana nemansa a ɗaya wurin aikin. Ya nuna wajen motar, ya yi magana da sauri, ya ga ban amsa ba, ya buɗe hannu ya zana. Ya sake zanawa, a hankali wannan karon, yana danna yatsan. Ya dube ni cikin ido. Na ce hai, hai. Ya dafa kafaɗata, ya shiga mota ya tafi.

Na dubi rana, na dubi tulin bututu, na ce ai ba abin da yake nufi sai a gama kafin zafi ya taso. Na juya na ce wa mutane yalla, foman ya ce a hanzarta. Abin da ya rubuta kuwa, daga baya na ji, shi ne shuɗin bel ɗin nan ya soma cinyewa, kada a ɗaga komai da shi, a jira ya aiko da sabo.

Ba mu yi nisa ba bel ɗin ya tsinke. Alhassan ne ke riƙe da gefen da ya zubo. Har yau ba na tuna ƙarar ƙarfen, muryarsa nake tunawa yana salati. Ni na ɗauke shi a motata zuwa asibiti, hannunsa na dama a naɗe cikin rigata, yana ce mini in yi a hankali kada mu ƙara wani a kan wannan. Yatsu uku aka cire masa, har da babban.

A barandar asibiti Mista Jaw ya same ni. Yana magana yana buga tafin hannunsa da yatsa, Mista Lam na fassara mini, wai ya rubuta mini har sau biyu, na ce na gane. Ka san abin da ubanka ya ce? Na ce ƙarar inji ta yi yawa, kuma rana ta kashe mini ido. Mista Lam ya bi ni da kallo. Aka bar abin a matsayin tsautsayi, aka yi wa Jaw faɗa don ya bar wurin, aka sallami Alhassan tunda ba zai ƙara iya ɗaukar kaya ba.

Kafin ya tafi na roƙe shi ya raka ni Wakra wata Juma'a, wai mu sayo kifi. Muka zauna a bakin ruwa inda masunta ke ɗaure jiragensu, na gaya masa komai ban rage ba. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi hannun, ya ce: "Baba Isiyaku, da ka ce ba ka sani ba, ai da mun zauna mun jira shi. Ba wanda zai kore ka don mun jira."

Ya ce ya yafe tun kafin in roƙa. Ranar tafiyarsa ya ba ni almakashinsa, ya ce shi ba zai iya riƙe shi ba, ni kuma gemuna na bukata. Ya yi dariya, ni na kasa. Na ji yanzu yana taya wani ɗan'uwansa tsaron shago. Ba sallar da nake idarwa ban sa shi a addu'a ba, amma abin yana nan a ƙirjina, kuma ina jin da shi za a binne ni.

Saboda haka, Mansur, ka ji da kyau. Duk ranar da aka buɗe maka tafin hannu, ko aka miƙo maka takarda, ko aka nuna maka jikin kwali, kada ka bar kanka ya gyaɗu. In mai yarenmu na Kanton ne, ka faɗa masa a fili ba ka san harafi ba. In ɗan Mandarin ne, ka girgiza kai, ka sa hannunka ka rufe nasa, ka ja shi har wurin abin ya taɓa maka da hannu. In yana sauri, ya yi saurinsa, kai kada ka motsa, kada ka bar kowa ya motsa. Zai yi tsaki, wataƙila ya zage ka da yaren da ba ka ji, ba komai, zagi ba ya fito da ƙari. Mutanen da ke tsaye a bayanka ba su ji abin da foman ya ce ba, kai suka ji, kuma da maganarka za su sa hannunsu a ƙarƙashin ƙarfe.

Za ka ɗauka bayan wannan na fito na faɗi gaskiya. Ina! Rabi na faɗa. Na ce musu idona ya yi rauni, ba na ganin zane a hannu, sai Jaw ya koma nuna mini abu da hannu ko ya yi mini hoto a ƙasa da guntun ƙarfe. Aiki ya tafi daidai, wanda ke nuna tun farko da haka aka yi ba abin da zai ragu. A ɓoye kuma na riƙa zuwa wurin kukunsu, wani tsoho mai yarenmu, yana nuna mini 'yan haruffa a jikin kwalin taliya. Na iya na wuta, da na haɗari, da na guba, da na tsaya. Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma yana rage masa gudu, yau in riƙe gobe ya zube. Kai ƙwaƙwalwarka ɗanya ce, kada ka jira sai ka kai shekaruna. Kuma kada ka koya a ɓoye kamar mai sata, ka tambaya a gaban kowa, su mutane ne masu son a tambaye su rubutunsu.

Akwai wani ƙaramin kuskuren da shi ma zan faɗa maka, tunda na buɗe baki. Masu yarenmu sukan manta kana ji, su yi ta maganarsu a mota kamar ba kowa. Na taɓa jin za a sallami wani Basakkwace, na kasa riƙewa, na kai labarin ɗakinmu. Kafin gari ya waye ya je ya yi musu tijara, alhali ashe ba a ma yanke shawarar ba, tijarar ce ta sa aka yanke. Abin da kunnenka ya ji a wurin aiki ka bar shi a wurin aiki, sai fa in ran wani ne ko lafiyarsa ke ciki. Sauran kuwa ka sani: ka gaya musu abin da ba ka ci tun ranar farko, ba sa jin haushi. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishirwa, don zafin garin nan ba irin na Kano ba ne, ba ya sallama. Kada ka bar salla ta taru maka don foman na sauri.

Yanzu ga abin da na yi, kuma shi ne dalilin takardar nan. Jiya Alhamis da safe na shiga ofishin sito. Mista Lam na zuba shayi, ya ce in zauna, na ce a tsaye zan faɗa. Na ce masa da yarensu: "Ɗana ba ya karanta rubutunku. Ni ma ban taɓa iyawa ba. Ba rana ce ta kashe mini ido ba ranar nan."

Ya ajiye butar. Ya ce nawa ya yi zarginsa tun a asibiti, ya yi shiru ne don ya san in ya faɗa za a mayar da ni gida kuma ina da yara, ya ce shi ma shirun bai bar shi ya sake ba. Naka kuwa, ya ce ba zai iya ba ka kujerar ba. A siton nan akwai durom ɗin da in aka jera shi kusa da wani wuta ce za ta tashi, ba zai damƙa wannan ga mai canke ba, ko ɗan wane ne. Zai nemi wani. Na ce na sani, kuma gaskiyarsa ce. Daga nan na roƙe shi, roƙon da ban taɓa yi wa ɗan Adam irinsa ba. A ƙarshe ya ce bizar tana nan, kana iya zuwa, amma a lebura, ɗaukar kaya a sito, ladan lebura, gadon sama a ɗakin jama'a. Ya ce in an tashi aiki zai riƙa nuna maka haruffan jikin kaya, in kanka ya ɗauka, a gani. Bai yi alkawari ba, ni ma ba zan yi maka a madadinsa ba. Ni kuma daga gobe direba ne kawai, an daina Malam Tafinta. Na sa Mista Lam ya raka ni wurin Jaw na ba shi haƙurin faɗan da ya sha a kaina. Ya dai kunna taba ya juya baya, kuma ban ga laifinsa ba.

Na san abin da na ƙwace maka. Innarka ta gaya mini ka riga ka faɗa wa abokanka, ka faɗa a gidan su yarinyar da kake nema, cewa aikin ofis ka samu, mai tebur da esi. Yanzu ko dai ka koma ka warware da bakinka, ko ka yi shiru ka taho da abin a ranka, kuma dukkansu da ciwo. Ka roƙe ni abu ɗaya tak, na yi maka akasinsa, ban ko jira na shawarce ka ba. Raina ya sosu, Mansur, ina rubutun nan ina jin kunyarka. Amma na fi so ka dawo mana lebura da yatsunka goma, na bayanka ma da nasu, da ka hau kujerar nan ka kwana da irin abin da nake kwana da shi.

In ka ga ba za ka zo ba a kan haka, ba zan yi fushi ba, ka zauna Allah Ya buɗa maka wata ƙofar. In kuma za ka zo, ka taho da takalmi mai ƙwari da riguna masu dogon hannu, ka taho da fushinka ma, kada ka sauke shi a kan innarka, ita ba ta san komai ba. Za ka same ni a filin jirgi, na riga na nemi izinin ranar. In ka sauko ba ka son yi mini magana, ba komai, ka dai miƙo mini jakar in riƙe maka.

Allah Ya raka ka daga ƙofar gida har inda za ka sa kanka. Ya tsare hannunka da ƙafarka da harshenka, Ya tsare mutane daga kuskurenka, Ya tsare ka daga nasu. Ya sanyaya maka rai a kaina. Ka gaishe da innarka da ƙannenka, ka ce ina nan lafiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isiyaku direba.